Mutumin da Ya Ɗaure Ruwan Tafoki

Duk Tafoki babu wanda ya kai Malam Almu son ya riga kowa jin labari. A yi masa adalci, ba magulmaci ba ne. Shi dai abin da ke faranta masa rai shi ne ya iso majalisa, ya gyara zama, ya ce, "Halan ba ku ji ba?" a ce masa ba a ji ba. Saboda haka rediyonsa ba ta rabuwa da kafaɗarsa. Da ita yake zuwa gona, ya rataye ta a reshen kalgo, yana noma tana zuba. Matarsa Mero ta sha cewa ranar da Malam ya ɓace ba sai an yi cigiya ba, a bi ƙarar rediyo kawai.

A shekarar da abin ya faru, autarsa Fiddausi, wadda ke aure a Kankara, ta sami cikin fari. Bisa al'ada za ta dawo gida goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta, ta yi wankan jego. Ɗakin da za a sauke ta wani tsohon soro ne da ke jikin ɗakin Mero, kuma soron ya gaji. In ana ruwa a waje a cikinsa ma ana yi, in an ɗauke a waje shi sai ya ci gaba da nasa. Babu roba ko tukunya a gidan da ba ta taɓa kwana a ɗakin nan tana tarar yoyo ba.

Ranar da labarin cikin ya iso, Malam Almu ya kira ɗiyarsa a waya. Kunya ta hana shi taɓa zancen kai tsaye, sai ya ɓige da cewa, "Auta, in kin tashi zuwa, ɗaki mai ruhin kwano za ki tarar." Ta yi dariya ta ce, "To Baba, Allah shi ƙara arziki." Yana son yarinyar nan fiye da yadda zai iya faɗa, kuma wannan dariyar ta zauna masa a rai.

Kwanon ya saya tun da rani, ya jingine a zaure. Sai dai ranin ya ƙare yana cewa gobe, damina ta faɗi, noma ya ɗauke hankali, har marka ta kankama kwano yana nan inda yake, kaji suna kwana a bayansa.

"Malam," in ji Mero wata safiya, tana zubar da ruwan da ta tara a soron, "yarinyar nan hwa ta kusa tahowa. Bisa kwanon za ta kwanta ko ƙarƙashinshi?"

A daidai lokacin rediyo ta fara abin da ya fi maganar Mero daɗin ji. Masu hasashen yanayi ne ke bayani. Suka ce a kudancin Katsina, wajen Faskari da Sabuwa da Kankara, ruwa zai ɗauke na mako biyu ko uku, sannan ya dawo ya rufe damina. Suka bi da shawarwari masu yawa ga manoma, amma Malam Almu bai ji ko ɗaya ba. Shi abin da ya shiga kunnensa shi ne sama za ta ba shi aron mako biyu.

Kafin rana ta yi zafi yana ƙofar gidan Baba Ɗanlahadi kafinta, a can ƙarshen gari. Baba Ɗanlahadi dattijo ne mai raha, mai zuwa coci, wanda ya buga rabin rufin kwanon da ke Tafoki. Kakansa Bamaguje ne da ya yi suna a zamaninsa, ana cewa in ana biki hadari ya taso, yakan fita ya kore shi. Jikan bai gaji komai daga wannan ba sai labarin.

"Kware ɗaki? Cikin damina?" Baba Ɗanlahadi ya ajiye zarto ya dube shi. "Malam Almu, lahiyarka kau?"

"Masana sun yi magana, Baba."

"Masanan za su zo su riƙe maka bango in ya jiƙe?"

"Kai dai zo mu yi. Ɗiyata za ta zo, na yi mata alkawari."

Jin an ambaci ɗiya sai dattijon ya sassauta, don shi ma yana da su. Washegari aka hau soron, aka zubar da ƙasar, aka zare azara da ruɓaɓɓen kara, ɗakin ya koma bango huɗu yana kallon sama. Mutane suka riƙa tsayawa a ƙofar gida suna leƙe, domin tsofaffin garin ma ba su taɓa ganin wanda ya kware ɗaki da hannunsa dawa tana tsaye a gona ba.

Da la'asar Malam Almu ya nufi majalisa, gindin darbejiyar da ke gaban shagon Alhaji Uwais mai sayar da taki. Alhaji Uwais abokinsa ne tun na ƙuruciya, kuma bai taɓa barin damar tsokanarsa ta wuce ba.

"Malam Almu, an ce ka gaji da zuwa rijiya, ka gina taka cikin gida."

Aka kwashe da dariya. To, a nan ne ya yi kuskuren. Da ya ce rediyo ce ta faɗa, da an yi masa dariya an wuce wurin. Amma ina, labarin ya yi masa daɗi da yawa, ba ya son ya raba shi da rediyo. Sai ya gyara hula, ya kalli sama kamar wanda suka yi shawara da ita, ya ce, "Ku yi dariyarku. Amma ku rubuta ku aje, ko ɗigo ba zai sauka garin nan ba sai na buga ƙusar ƙarshe."

Aka sake yin dariya, har wani ya shaƙe da goro.

Kwanaki suka fara tafiya, ruwa bai sauka ba. Da farko kowa ya ji daɗi, aka sami damar shanya da maimaita noma. Magini ya zo ya ƙara tsawon bangon ɗakin Malam Almu don kwano ya sami gangara, aka bar sabon ginin ya sha iska. Komai na tafiya yadda ya tsara, har ya fara tafiya yana ɗaga kafaɗa. Sai ranar da za a ɗora katako, aka aiko cewa zazzaɓi ya kayar da Baba Ɗanlahadi, ko zama ba ya iyawa. Ɗayan kafintan garin kuwa tun da ya tafi ci-rani bai dawo ba. Ɗaki ya ci gaba da zama baki buɗe.

A gonaki kuma abin ya daina zama wasa. Gonakin nesa, na bakin daji, an daɗe da haƙura da su saboda halin rashin tsaro da ake ciki, don haka ɗan abin da aka shuka kusa da gari shi ne komai. Masara ta yi goyo tana neman ruwan da zai cika ta, sai ga ganyenta yana nannaɗewa da tsakar rana. Waken suya ya fara zubar da fure. Kullum da yamma hadari zai haɗu a gabas, ya yi baƙi, ya taho har kan gari, mata su kwashe shanya da gudu, sannan iska ta zo ta watsa shi. Mutane su tsaya suna kallon sama. Wata rana da hakan ta faru, a tsakiyar majalisa, Malam Almu ya manta inda yake, ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Alhamdu lillahi." Kowa kuwa ya ji.

Daga nan abubuwa suka riƙa haɗa kansu. Don ya ga Baba Ɗanlahadi ya miƙe da wuri, Malam Almu ya yanke shawarar kai masa zakara a yi masa romo mai yaji. A cikin zakarun gidan ya zaɓi wanda ya fi damun Mero da ɓarnar shanya, aka yi rashin sa'a baƙi ne wuluk. Ya saƙale shi a hammata da sassafe, ya bi ta bayan gari don kada a tsare shi da surutu, ya shiga gidan jikan mai korar hadari. Mata masu zuwa ɗibar ruwa suka gan shi. Bayan wannan kuma ya ga ruɓaɓɓen karan soron ya cika masa tsakar gida, ya shiga ƙona shi kaɗan-kaɗan da yamma in ya dawo daga gona, wato daidai lokacin da hadari ke haɗuwa. Duk wanda ya ɗaga kai yana duban gabas, sai ya ga hayaƙi yana tashi daga gidan Malam Almu.

Kafin kasuwa ta zagayo, babu gidan da ba a san cewa Malam Almu ya ɗaure ruwan Tafoki ba.

Gwaggo Tani ce ta fara zuwa, tsohuwar da ke noma ɗan fegin gyaɗarta da kanta a bayan makaranta. Ta yi sallama, ta zauna a bakin zaure, ta gaisa da shi a mutunce, sannan ta sassauta murya.

"Malam, ni ban zo hwaɗa ba. Kowa da lalurarshi. Amma ko rabi ne ka sakar mana, ta wajen bayan makaranta. Ai nesa take da ɗakinka."

Ya rantse mata, ya sake rantsewa. Ta gyaɗa kai irin na wadda ta fahimci cewa akwai abin da ba a faɗa a bainar jama'a, ta ajiye masa ƙullin daddawa ta tafi.

Bayan ita sai ga wani Nasir a kan babur, tun daga Faskari. Ya ce ƙanensa za a ɗaura wa aure, an kafa rumfuna, ana tsoron ruwa, kuma an ba shi labarin Malam. Abin da ya dace Malam Almu ya kore shi da tsawa. Amma mutum ne ya taso daga wani gari takanas yana neman sa, yana durƙusawa, yana kiran sa Malam da wata irin murya da ba a taɓa kiran sa da ita ba. Sai ya ji wani daɗi ya ratsa shi, ya shafa gemu, ya ce sai ya duba. Mero tana bayan ƙofa tana ji.

"Sai ka duba mi?" ta ce, bayan babur ya tashi. "Kai kake jin daɗin abin, ni nake shan kunyar. Jiya na shiga gidan suna mata suka yi tsit. Na aika aron rariya an ce ta ɓace, rariyar da na gani rataye da idona. Ka tashi ka je ka hwaɗa masu gaskiya."

Ya tafi majalisa ya faɗi gaskiya. Ya ce rediyo ce ta faɗa, shi bai san komai ba.

"Mu ma muna da rediyo," in ji Alhaji Uwais, kuma wannan karon babu wasa a fuskarsa. "Mi ya sa tamu ba ta hwaɗa ba?"

"Ta hwaɗa, ba ku saurara ba ne. Ku da an gama labarai kuke murɗawa."

"To baƙin zakaran hwa?"

"Romo aka yi ma marar lahiya."

"Hayaƙin hwa?"

"Shara nake ƙonawa!"

Wani dattijo a gefe ya girgiza kai ya ce shi abin da ya fi ba shi tsoro shi ne yadda kowace tambaya take da amsarta a shirye. Aka yi ta gyaɗa kai. Malam Almu ya tashi ya bar wurin, ba wanda ya ce ya dawo.

Gonarsa ya nufa. Rabon da ya dube ta da idon basira tun da ya kware ɗakin, kullum jikinsa ne a can, hankalinsa yana kan bango. Ranar ya tsaya ya duba. Dawarsa da ta fara ciki ta yi laushi, ƙasa ta tsage a tsakanin kunya da kunya. Ya tura yatsa cikin ƙasar har ya nutse bai ji danshi ba. Tsoro ya kama shi, na gaske, irin wanda manomi ke ji a ciki ba a ka ba. Ya tuna cewa duk yammacin da ya ji daɗin watsewar hadari, wannan gonar ma tana cikin waɗanda aka hana.

Ranar Juma'a liman ya sanar da cewa gobe da hantsi za a fita roƙon ruwa a filin idi. Kowa ya zo da tsofaffin tufafi, a fito da dabbobi, a yi sadaka, a yafi juna. Ya kuma ja kunne da kakkausar murya cewa babu mahalukin da ke iya riƙe ruwa ko sakin sa sai Allah, duk mai tunanin akasin haka ya tuba. Jama'a suka amsa da "Haka ne, Malam," sannan suka waiwaya suka dubi Malam Almu.

Da safe, yana shan koko, rediyo ta ƙarasa shi. Masu hasashen nan dai suka ce ruwa zai dawo yankin a yau ko gobe, mai ƙarfi, da iska. Ya ajiye ludayi. Ya fita da sauri ya kinkimo kwanon daga zaure, ya hau tsani, ya shimfiɗa shi a kan bangon haka nan babu katako babu ƙusa, ya danne da duwatsu da wani tsohon turmi. Ko shi da ya yi aikin bai yarda da shi ba.

"Ba za ni ba," ya ce wa Mero yana haki. "In tsaya in tsare ɗakin nan."

"In ka ƙi zuwa, sun tabbatar kai ne."

"In na je aka yi ruwa ma ai sun tabbatar!"

"To zaɓi wanda za ka iya shiga kasuwa bayanshi." Ta miƙo masa tsohuwar rigarsa ta noma.

Filin idi ya cika. An ware 'yan raguna da 'yan awaki daga iyayensu, suna ta kuka ta kowane ɓangare. Mata suna baya da ƙoren dafaffen gero na sadaka. Malam Almu ya so ya lafe a sahun ƙarshe, kusa da hanyar gida, amma Alhaji Uwais ya kamo hannunsa, jama'a suka dare, aka kai shi sahun farko, daidai bayan liman. Bai taɓa samun wannan girmamawar ba, kuma bai taɓa jin ƙin wuri kamar wannan ba.

Aka yi sallah. Liman ya juya mayafinsa, jama'a suka tuɓe riguna suka mayar da su a bai-bai, aka ɗaga hannu. Liman ya fara addu'a, fili ya ɗauki "Amin." Malam Almu yana jin idanu a kan bakinsa ta dama da hagu, wani ma har ya leƙo daga sahu na biyu.

A zuciyarsa kuwa ciniki yake. Ya roƙi a yi ruwan, amma a jinkirta shi har Baba Ɗanlahadi ya miƙe. Ya ga wannan ya yi tsawo, ya rage, ya roƙi a yi shi a gonaki a tsallake gari. Ya sake ragewa, a yi a gari ma, a tsallake gida ɗaya, ko ɗaki ɗaya, ai ba wani girma gare shi ba. Leɓɓansa suna motsi, amma Amin ɗin da ke fita ko shi ba ya jin ta.

Sai liman ya zo kan masu ciki da jarirai. Ya roƙi Allah ya dubi waɗanda ba su zo duniya ba tukuna, kada su iso su tarar da rumbu wayam. Muryarsa ta karye a wurin. Malam Almu ya ga Fiddausi a ransa, zaune a ɗaki mai sabon kwano yana walƙiya, da jariri a cinya, ga Mero a madafa tana juya tukunyar da babu abin zubawa a ciki. Maijego kunu take sha safe da yamma, kuma ba da kwano ake dama shi ba. Idonsa ya cika. Ya ɗaga hannuwansa sama da na kowa, ya buɗe murya gaba ɗaya.

"Amin! Amin ya Allah! A yi shi yau!"

Har liman sai da ya ɗan waiwayo. Wani a baya ya ce, "Ya saki," maganar ta bi sahu-sahu har ta kai wajen mata.

Ba a gama rabon sadaka ba gabas ta yi baƙi. Wannan karon iskar da ta zo mai sanyi ce, da ƙamshin ƙasa a cikinta. Ɗigon farko ya faɗo a kan tabarmar liman, sannan sama ta buɗe gaba ɗaya. Fili ya kaure da kabbara, Gwaggo Tani ta rangaɗa guɗa, awaki suka tsinke igiya. Mutane suka yi caa a kan Malam Almu, wannan ya kama hannu, wancan ya rungume shi.

"Allah shi saka da alheri, Malam!"

"Mun yahe, wallahi mun yahe!"

"Ba ni ba ne!" yake ihu. "Rediyo ta hwaɗa tun da sahe!"

"Mun sani, mun sani," in ji Alhaji Uwais yana bubbuga bayansa yana dariya, ruwa na zuba daga gemunsa. "Rediyo ce."

Da ƙyar ya ƙwace ya zura da gudu, riga a bai-bai, takalmi ɗaya a hannu. Tun daga nesa ya hango kwanonsa. Wani falle yana tafiya a sama ya nufi gonar maƙwabci, wani ya naɗe a jikin bishiyar mangwaro, turmin kuma yana kwance a tsakiyar hanya. Da ya shiga gida ya tarar da sabon ginin da magini ya ƙara yana narkewa, jan ruwa yana gangarowa ta jikin bango. Ya ɗauki tabarma ya yafa wa bangon, iska ta ɗauke. Ya ɗauki buhu, ya tsaya da shi a hannu, ya rasa ta inda zai fara. Yana tsaye bangon gabas ya yi wani nishi, ya zauna a hankali cikin ɗakin.

"Salamu alaikum. Na warke."

Baba Ɗanlahadi ne a bakin zaure, ya lulluɓa da buhun taki, guduma a hannu. Ya dubi abin da ya rage na ɗakin, ya dubi Malam Almu, ya mayar da gudumar cikin aljihu.

"Romon nan ya yi aiki," ya ce. "Sai dai ya makara."

Malam Almu bai iya ko dariya ba. Abu ɗaya ne a ransa, yadda zai kira Kankara ya ce wa autarsa ɗakin da ya yi mata alkawari ya koma tudun laka. Ya juya zai shiga turakarsa ya nemi waya, sai ya ga katifarsa a zaure, an naɗe. Ga akwatinsa, ga buta, ga rediyo a kan akwatin an rufe ta da faifai.

Mero ta leƙo daga ƙofar turakar. "Kada ka shigo da laka. Muna da baƙuwa."

A bayanta, a kan gadonsa, Fiddausi ce zaune ta rufe da mayafi, ta yi nauyi, tana sunkuyar da kai tana murmushi. Mijinta ya ji hasashen da safe, ya ce gara a kawo ta kafin hanya ta lalace, motar ta sauke ta ana tsakiyar addu'a. Mero kuwa ba ta tsaya shawara da kowa ba. Turakar Malam ce kaɗai ɗakin da ba ya yoyo a gidan, kuma rufinta na kwano ne tun shekarun baya.

"Sannu da zuwa, Auta," ya ce daga waje, ruwa na dukansa. Muryarsa ta yi ƙasa. "Ɗakin naki... kin gani."

"Na gani, Baba. Ai ga ni cikin mai ruhin kwano." Ta ɗago kaɗan, dariyar nan dai tana nan. "A mota ma labarinka ake. An ce kai ka riƙe ruwan."

"Har Kankara?"

"Har Sabuwa, in ji direban."

Mero ta ce zaure ya ishe shi har a yi arba'in, in ya so ya yi ta sauraron masana a can. Sannan Fiddausi ta jawo uwarta ta raɗa mata wani abu, ta rufe fuska da mayafi. Mero ta yi dariya har da riƙe ƙofa.

"Mi ta ce?"

"Kunya take ji. Tun da cikin nan ya tsufa ba abin da take kwaɗayi irin ƙasar bango, ta tsohon gini, in ruwa ya taɓa ta. Ta ce ƙamshin wagga ya hana ta sakat tun da ta shigo."

Malam Almu ya tsaya yana kallon matarsa. Sannan ya juya, ya ɗauke faifan da ke kan rediyo, ya taka cikin ruwa zuwa inda ɗakin yake. Ya durƙusa a gaban bangon da ya faɗi, ya tona ya wuce sabon ginin, ya kai ga tsohuwar ƙasar da mahaifinsa ya kwaɓa, ya zaɓi inda babu tsakuwa, ya ɓantaro ɗan kaɗan. Ya ɗora a faifai, ya kare shi da gefen rigarsa kada ruwa ya narkar, ya kawo har bakin ƙofa ya miƙa wa Mero da hannu biyu.

"Ki ce mata kada ta ci da yawa," ya ce. "Amma in ta ƙare akwai saura."